ƘABAR ƘIRJI DA ƘABAR MARA: YADDA ƊINKI KE KAMAWA BAYAN AN YI AIKI

Kowane manomi ya san ƙaba. In bai yi ta ba, ya san wanda ya yi: ƙullutun nan da ke fitowa a gefen mara sa'ad da mutum ya yi tari ko ya ɗaga buhu, in ya kwanta kuma ya koma ciki. Amma akwai wata ƙaba wadda ido ba ya gani, hannu kuma ba ya taɓa ta, domin can cikin ƙirji take. Likitocin Turai da Amurka sun fi shekara 70 suna fama da ita, suna ɗinkewa tana warwarewa. Abin da suka koya a wannan fama ya shafi duk wanda za a yi wa aiki a ciki, ko da a ƙaramin asibitin karkara ne. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo muku shi.

Ga yadda abin yake. Wanda ya taɓa feɗe akuya ya ga wani shimfiɗaɗɗen nama marar kauri wanda ya raba huhu da zuciya daga tumbi da hanji. Mutum ma yana da shi, a kife kamar ƙwarya, kuma da shi muke jawo numfashi. A jikinsa akwai wata 'yar kafa inda hanyar abinci ta ratsa ta gangara zuwa tumbi. In kafar nan ta buɗe fiye da kima, sai kan tumbi ya riƙa kutsawa sama cikin ƙirji. Ita ke nan ƙabar ƙirji. Ta fi kama wanda ya haura shekara 50 da mai ƙiba, kuma duk abin da ke matsa ciki yana taimaka mata, kamar daɗaɗɗen tari da yawan yunƙuri.

Da yawa cikin masu ita ba su ma san suna da ita ba. Waɗanda ta dama kuwa, ƙwarnafi ne ke kai su asibiti: zafi a tsakiyar ƙirji bayan cin abinci, da ruwa mai tsami da ke tasowa har maƙogwaro, musamman in an kwanta da dare ko an sunkuya. To, manomi aikinsa sunkuyo ne. Mutum ya cika ciki da ɗumame, ya ɗauki fartanya ya duƙa bisa kunya, ya matse tumbin ke nan kamar salka. A ƙauye duk irin wannan ciwo olsa ake ce masa, a jiƙa kanwa a sha. Kanwa tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, gaskiya ne, amma gishiri ne da ita mai yawa, mai hawan jini kuwa ba abokiyar tafiyarsa ba ce. Tun a shekarun 1970 likitocin Zariya suka nuna hannunta cikin ciwon zuciyar da ke kama mata masu jego. Ƙwayoyin ciwon jiki da muke saye a kasuwa bayan an tashi daga gona, irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin, su ma suna cin tumbi, suna ƙara wa wuta makamashi.

Fiye da 9 cikin 10 na wannan ƙaba ƙanana ne, yawancinsu ba su bukatar wuƙa. A ci abinci kaɗan-kaɗan, a bar awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya, a sa bulo a ɗaga kan gado kamar taƙi guda, a kwanta ta gefen hagu. Akwai kuma maganin da ke rage tsamin tumbi, wanda ake kira omeprazole, tun 1988 yake kasuwa. Amma kafin mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa ƙwarnafi ne, ya tuna ciwon zuciya ma a ƙirji yake tasowa. In zafin yana zuwa ne lokacin aiki ko hawan tudu, tare da gumi da haki, ko kuwa abinci yana tsayawa a ƙirji, ko mutum yana rama, ko yana aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi, to wannan na likita ne.

Akwai babba, inda rabin tumbi ko dukansa ke hayewa cikin ƙirji ya zauna kusa da zuciya. Mai ita yana ƙoshi da loma kaɗan, yana haki bayan cin abinci, wani lokaci jininsa yana raguwa a hankali domin tumbin yana gugar bakin kafar yana tsiyaya. Tumbin yana iya murɗewa ma, mutum ya riƙa yunƙurin amai ba abin da ke fitowa. Irin wannan ita ake yi wa aiki.

ƊINKIN DA BA YA HUTAWA

A 1951 wani likitan fiɗa na Leeds a Ingila, Philip Allison, ya bayyana yadda za a jawo tumbi a mayar da shi ƙasa a tsuke kafar da zare. Duniya ta karɓa. Abin yabo ga wannan mutum shi ne bai tsaya nan ba. Ya bi sawun waɗanda ya yi wa aiki, yana ɗaukar hotonsu, har a 1973 ya fito gaban 'yan'uwansa likitoci ya faɗa musu cewa kusan rabin masu ƙaramar ƙabar, ta komo musu. Kafin nan Rudolph Nissen, Bajamushe da ya bar ƙasarsa a 1933 ya yi aiki a Santambul kana ya zauna a Basel ta Suwizalan, ya zo da wata dabara a 1955. Sai ya naɗe kan tumbi kewaye da ƙarshen hanyar abinci kamar rawani, domin ya hana tsami tasowa. Har yau da sunansa ake kiran wannan aiki. A 1991 kuma Bernard Dallemagne a Beljiyam ya yi shi ba tare da tsaga ciki ba, ta 'yan ƙananan huji, da madubin da ke nuna cikin mutum a talabijin. Ciwo ya ragu, kwanan asibiti ya ragu. Amma da likitocin Los Angeles suka ɗauki hoton masu babbar ƙaba da aka yi wa irin wannan aiki, a shekarar 2000 suka ba da labari cewa kashi 42 cikin 100 ta komo.

Me ya sa? In ƙafa ta karye, mai ɗori yana ɗaure ta da kara ya ce kada a taka. Naman nan kuwa ba shi da hutu. Mutum yana numfashi wajen sau 20,000 tsakanin safiyar yau da ta gobe, kowane numfashi kuma yana jan ɗinkin. Ga tari, ga atishawa, ga yunƙurin bayan gida. Naman gefen kafar kuma taushi gare shi, a wurin tsoho ya riga ya saki. Wanda ya taɓa ɗinke tsohon buhu ya san sauran labarin: zaren yana nan lafiya lau, buhun ne ke yagewa a gefen zaren.

To, in buhu ya tsufa, maho ake yi masa. Haka likitoci ma suka yi tunani, suka ce bari a shimfiɗa wata 'yar raga bisa ɗinkin, nama ya tsiro cikin idanunta ya riƙe. Amma yaya za a san ko ragar tana da amfani? Kamar dai gonar gwaji. In malamin gona ya kawo sabon iri, ba ya shuka shi a fadama ya shuka tsohon a jigawa sa'an nan ya ce sabon ya fi. Gona ɗaya ake rabawa biyu. Likitoci kuwa ƙuri'a suke jefawa: wanda ta faɗa wa a yi masa ɗinki kaɗai, wanda ta faɗa wa a ƙara masa raga, da yardar kowa, domin kada likita ya zaɓi masu ƙarfi ya tara su gefen da yake so.

Gwajin farko da ya yi suna an buga shi a Amurka a 2002. Mutum 72 ne, aka raba su 36 da 36. Cikin masu ɗinki kaɗai, ta komo wa 8. Cikin masu ragar roba, ko ɗaya. Murna ta tashi. Amma hanyar abinci abu ne mai laushi, tana motsi duk lokacin da aka haɗiya, kuma ga ta tana gugar roba dare da rana. A 2009 wasu likitoci suka tattara labarin mutum 28 da raga ta cuta. A 17 daga ciki ragar ta ci nama har ta faɗa cikin hanyar abinci, 6 kuwa sai da aka yanke musu hanyar abincin.

Sai aka koma neman raga mai taushi wadda jiki zai narkar da ita bayan ta gama aikinta. Aka yi wata daga tantanin hanjin alade, aka wanke ta sarai. Brant Oelschlager na Seattle da abokansa a asibitoci 4 suka gwada ta a kan mutum 108. Bayan wata 6 aka ɗauki hoto: masu ɗinki kaɗai ta komo wa kashi 24 cikin 100, masu raga kashi 9 kacal. Aka buga wannan a 2006, asibitoci suka shiga saye, ga ta da tsada. Amma ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Su waɗannan likitoci suka sake neman mutanen bayan kimanin shekara 5, suka sami 72. Ga abin da suka buga a 2011: masu ɗinki kaɗai kashi 59, masu raga kashi 54. Watau ragar jinkiri kawai ta kawo. David Watson da abokansa a Ostareliya suka gwada mutum 126 kashi uku, ɗinki kaɗai, raga mai narkewa, da raga marar narkewa, a 2020 suka ce bayan shekara 5 ba su ga ribar raga ba. A Stockholm ta Suwidin aka bi wasu har shekara 13. Labarin da ya fito a 2024 shi ne ta komo wa kashi 38 na masu raga da kashi 31 na masu ɗinki, masu ragar kuma sun fi kukan wuyar haɗiyar abinci mai tauri.

Kada lissafin nan ya tsorata kowa. Komowa a hoto dabam, komowar ciwo dabam. Yawancin waɗanda hoto ya nuna ta komo, ɗan kaɗan ne ya leƙo, suna cin abincinsu suna aikinsu, sun fi yadda suke kafin a taɓa su nesa ba kusa ba. Cikin mutum 72 ɗin nan, 2 kaɗai aka sake yi wa aiki.

Bincike bai tsaya ba. Wasu suna tace jinin mai ciwon, su ɗebi ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa su shafa a kan ɗinkin ko zai sa nama saurin kamawa. An gwada wannan a jikin aladu. Wanda ya fi ba mu sha'awa shi ne mafi araha duka. Bayan an gama gyara, sai likita ya ɗaure gaban tumbi a bangon ciki da zare, kamar yadda ake ɗaure akuya a turke kada ta koma gonar mutane. Likitocin Cleveland a Amurka suka jagoranci gwajin wannan a kan mutum 240, aka buga a 2025: bayan shekara guda ta komo wa kashi 15 na waɗanda aka ɗaure, da kashi 36 na waɗanda ba a ɗaure ba. Labari ne mai daɗi. Amma damina ɗaya ce, mun kuwa ga yadda ta ƙare da ragar hanjin alade.

TAMU TA GIDA

Wadda ta fi cin manomanmu ita ce ta mara. A duniya ana yin aikinta fiye da sau miliyan 20 kowace shekara. Da aka bi ƙauyukan Barekese a yankin Ashanti na Gana ana duba maza, binciken da aka buga a 2016 ya sami kimanin namiji 1 cikin 10 yana yawo da ita ba a yi masa aiki ba. A lura, ƙaba da gwaiwar ruwa ba ɗaya ba ne, ko da yake mutane suna gama su. A ƙaba hanji ne ke fitowa ta inda bangon ciki ya yi rauni, har ya gangara cikin maraina. A gwaiwa ruwa ne ke taruwa. Jiƙo ko ƙulli ko ɗamara ba su toshe kafar da hanji ya riga ya buɗa.

A nan raga ta ci sunanta. Tun da Irving Lichtenstein na Los Angeles ya bayyana hanyarsa a 1989, gwaje-gwaje masu yawa sun nuna raga tana rage komowar ƙabar mara da rabi ko fiye. Dalili kuwa a fili yake. A mara ragar kwance take shimfiɗe tsakanin nama da nama, babu hanyar abinci da za ta guga, ba kuma sai an jawo nama da ƙarfi an haɗa bakinsa ba. Matsalarta kuɗi ne. Ragar kamfani guda takan fi ƙarfin abin da manomi zai samu a buhunan hatsi da dama.

Wasu likitocin karkara a Indiya, cikinsu har da Ravindranath Tongaonkar na garin Dondaicha, suka duba yadin gidan sauro suka ga kusan abu ɗaya ne da ragar kamfani. Suka yanka, suka wanke, suka turara a tukunyar asibiti, suka yi aiki da shi, a 2003 suka ba da labarin aiki 359. An gwada a Burkina Faso, an yi a Gana. Amma gwajin da ya rufe bakin masu shakka a asibitin mishan na Kamuli aka yi shi, a gabashin Yuganda, inda Jenny Löfgren ta Suwidin da likitocin Yuganda suka jefa ƙuri'a tsakanin maza 302. Rabi aka sa musu ragar kamfani ta dala 125, rabi yadin gidan sauro wanda bai kai dala 1 ba. Mai ciwon bai san wadda aka sa masa ba, mai duba shi daga baya ma bai sani ba. Bayan shekara guda ta komo wa mutum 1 cikin masu gidan sauro, ba ta komo wa kowa ba cikin masu ta kamfani. 'Yan matsalolin bayan aiki, kamar kumburi da miki, kusan kunnen doki ne, kashi 31 da kashi 30. Aka buga a 2016.

Sai mu ja kunne a nan da babbar murya. Gidan sauron da ake rabawa a ƙauyuka jiƙe yake da maganin kashe sauro, guba ne, ba a sa shi cikin jikin mutum. Wanda aka yi aiki da shi a Yuganda wani yadi ne na musamman daga Indiya, marar magani, wanda aka san irin robarsa, aka turara shi a zafin da aka auna, digiri 121. In zafin ya wuce haka yana iya ƙanƙancewa ya lalace. Saboda haka kada kowa ya yarda wani mai kanti ko mai allura a bayan gida ya ce zai yi masa aiki da gidan sauro.

Wani gwaji kuma a asibitin Wesleyan na Kamakwie a Saliyo ya duba ko wa ya kamata ya riƙe wuƙar. Aka raba maza wajen 230 tsakanin likitoci da mataimakan likita waɗanda aka horar musamman domin fiɗa. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna ta komo wa 7 a hannun likitoci, 1 a hannun mataimakan. Abin da muka ɗauka daga nan shi ne horo da yawan yi su ne ke gyara hannu. Ba laifi ba ne mutum ya tambaya sau nawa ake yin wannan aiki a asibitin da zai je.

Wani zai ce, tawa ba ta ciwo, in bar ta mana. A Amurka da Kanada an gwada wannan ma, a kan maza 720 masu ƙabar da ba ta dame su ba. Aka ga shaƙewar hanji ba ta da yawa, kusan mutum 2 cikin 1,000 a shekara. Amma cikin shekara 10 wajen kashi 68 na waɗanda aka ce su jira sun je an yi musu aikin, yawanci domin ciwo. Mu kuma sai mu ƙara namu lissafi. Waɗannan mutane mota ce a ƙofar gidansu, asibiti kuma kusa. Wanda ƙabarsa ta shaƙe da tsakar dare a watan Agusta, rafi ya cika, hanya ta yanke, lissafinsa dabam ne. In ƙullutun ya fito ya ƙi komawa, ya yi tauri, yana ciwo, ga amai, ga ciki ya kumbura ba tusa ba bayan gida, to hanji ya shaƙe, cikin 'yan awoyi yana iya ruɓewa. Kada a ba shi abinci, kada a danna da ƙarfi, kada a jira gari ya waye.

RABON MAI CIWO

Likita yana haɗa bakin nama ne kawai. Jiki ne ke saƙa sabon nama a wurin, kuma saƙar tana cin lokaci. Awon da aka yi a kan fata ya nuna bayan mako 3 ƙarfin wurin bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na da ba. Sai wajen wata 3 yake kai kashi 80 cikin 100, daga nan kuma ba ya ƙaruwa sosai. Ranar da aka cire zare, waje ne ya rufe, ciki da saura.

Babban abin da ke hannun mai ciwo shi ne taba. Hayaƙinta yana tsuke ƙananan hanyoyin jini, iskar da miki ke bukata ta ragu, ga kuma tarin da ke jijjiga ɗinki. A Denmak a 2002 aka raba mashaya taba 120 da za a yi wa aikin gwiwa ko na ƙugu. Rabi aka taimake su su bari tun mako 6 zuwa 8 kafin aiki. Matsalar miki ta sami kashi 5 cikinsu, ta sami kashi 31 cikin sauran. A Suwidin a 2008 aka sake gwadawa, wannan karo har da masu ƙaba, aka fara mako 4 kafin aiki: matsaloli suka sauko daga kashi 41 zuwa 21.  Wanda aka sa wa ranar aiki, ya ajiye sigari tun wata guda kafin ranar, ya kuma ci gaba da ajiyewa bayanta.

Tari ma a yi maganinsa tukuna. Wanda ya wuce mako 2 yana tari ya kai majinarsa a auna, ko tarin fuka ne. Dattijon da ke yunƙuri kafin fitsari ya fito ya faɗa wa likita, kada ya ji kunya, domin yunƙurin nan shi ke tura ƙabar, zai kuma tura ɗinkin. Haka mai taurin bayan gida: ya yawaita ruwa, da ganye, da gwanda, da miyar kuɓewa. Mai ciwon sukari a daidaita sukarinsa kafin a taɓa shi. Mai ƙiba ya rage, musamman mai ƙabar ƙirji.

Sabon nama kuwa da abinci ake gina shi. Tuwo da miyar kuka tsura ba su isa ba. A haɗa da wake, gyaɗa, awara, ƙwai, nono, kifi, ko nama in ya samu. Jiki kuma ba ya iya ɗaure zaren naman nan sai da sinadarin da ke cikin gwaba, lemo, tumatir, garin 'ya'yan kuka da ɗanyen zogale. Matuƙan jirgin ruwan Ingila na shekarun 1740 da suka yi watanni ba ɗanyen abu, tsofaffin raunukansu da suka warke tun da daɗewa sai suka sake buɗewa.

Bayan aikin, umarnin iri biyu ne, kada a gama su. Mai ƙabar mara ba a son ya kwanta. Ya tashi ya taka tun ranar ko washegari, gama kwanciya tana kawo daskarewar jini a ƙafa da ciwon huhu. Ƙa'idar da likitocin ƙaba na ƙasashe da yawa suka fitar a 2018 ta ce yawancin mutane suna iya komawa ƙananan ayyuka cikin kwana 3 zuwa 5, in jiki ya yarda. Amma huɗa da garma, da ɗaukar dami, da jan guga a rijiya mai zurfi ba ƙananan ayyuka ba ne. A tambayi wanda ya yi aikin ranar da za a koma musu, a faɗa masa ainihin irin aikin, domin wani likitan bai taɓa riƙe garma ba.

Mai ƙabar ƙirji shi ma ya tashi ya taka, amma nasa ya fi tsanani. Wurin da aka naɗe yana kumbura, hanyar ta ƙuntata na 'yan makonni. Da ruwa-ruwa zai fara, koko da kunu da romo, sa'an nan abu mai laushi kamar fate da tuwo mai taushi da miya mai yawa, a hankali, loma ƙanana, a tauna sosai. Burodi, tsire, ƙanzo da rogo su jira. Lemon kwalba mai iska kada ya sha, gama da yawa ba su iya gyatsa sosai bayan wannan aiki, iskar sai ta kumbura su. Kaya mai nauyi yawancin likitoci sukan hana har mako 6. Babban abokin gāban ɗinkin nan kuwa amai ne. Yunƙurin amai mai ƙarfi a kwanakin farko yana iya tura tumbin ya koma inda ya fito. In zuciya ta fara tashi a nemi magani nan da nan, kada kuma a ba shi jiƙon da ke sa amai ko gudawa da sunan wankin ciki.

Abin da ke sa manomi ya karya duk waɗannan dokoki sananne ne: ciyawa ba ta jira. Mutumin da aka yi wa aiki a farkon damina, yana kwance yana jin maƙwabta suna noman firi, ba mai iya riƙe shi a ɗaki. Ƙabar da ba ta shaƙe ba kuwa ana iya zaɓar mata rana. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, amfani ya shiga rumbu, kuɗi yana hannu, hanya ta bushe, akwai watanni kafin sharar gona. Mai noman rani ya duba nasa tsakanin. Nan ne ƙungiyar gama kai take da abin yi. A taron bayan girbi shugaba ya tambaya, a keɓe in ana jin kunya, ko akwai mai ƙaba. A ba shi rance daga asusu ko a sa shi gaba a adashi, a haɗa masu zuwa asibiti biyu ko uku su tafi tare, a rubuta sunayen waɗanda za su yi masa ban ruwa ko gayya in aikin ya faɗo cikin damina. Mata ma suna yin ƙaba, wani lokaci kuma tasu tana fitowa can ƙasa wajen saman cinya, irin wannan ƙarama ce amma ta fi saurin shaƙewa, ba a jira da ita. Wadda aka yi wa aiki a ɗauke mata daka da tulu da itace har ranar da likita ya faɗa.

Mikin kansa a bar shi a bushe da tsabta, kada a shafa masa toka ko man kaɗanya ko garin ƙwaya. In ya yi ja yana zafi, ko yana fid da mugunya, ko zazzaɓi ya zo, ko maraina sun kumbura suna ƙaruwa, ko mai aikin ƙirji ya kasa haɗiye ko da ruwa, a koma asibitin da aka yi aikin a ranar, da takardar sallama a hannu.